Tsallake karin safe ko rufe baki tun la'asar, wanne ya fi wa barci da jiki?

Duk wanda ya taɓa zama yana neman yadda zai rage teɓa ko ya daidaita sugansa ya ci karo da maganar nan ta awa 16 da awa 8, wato ka tattara duk abincinka na yini cikin awa 8, sauran awa 16 ɗin daga ruwa sai barci. Abun da ba a cika faɗa ba shine awa takwas ɗin nan a ina za ka ajiye ta. Wasu suna tsallake karin safe, su fara ci da 12 na rana su rufe da 8 na dare. Wasu kuma su fara da 7 ko 8 na safe, 3 ko 4 na yamma na yi sun rufe baki sai kuma gobe. A lissafi duk ɗaya ne, takwas takwas ce. A jiki kam ba haka ba ne, kuma ni na gwada duka biyun, na kuma gwada wata ta uku da ba ta da wani suna mai daɗi, a kanta ma na tsaya, zan zo wajen.

Dole sai an fara da maganar agogo in ba haka ba kwatancen ba zai zauna ba. A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan mitsitsin gungu na ƙwayoyin jijiya kusan 20,000, shine babban agogon jiki, kuma haske yake bi. Ko an kulle mutum a ɗakin da ba taga ba agogon bango zai ci gaba da juyawa abunsa, sai dai zagayensa ya ɗan haura awa 24 da kaman minti goma, wannan ma'aunin masu bincike na Harvard ne suka fitar a 1999, shi ya sa kullum yake buƙatar hasken safe ya sake saita shi. Su kuma Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young da aka ba kyautar Nobel a 2017, a jikin wani ɗan ƙuda mai bin 'ya'yan itace suka gano yadda injin yake aiki a cikin ƙwayar halitta, akwai wani furotin da yake taruwa da dare ya narke da rana, haka dai kullum ba fashi.

Toh ga inda gizo ke saƙar. Agogon ba ɗaya ba ne. Hanta tana da nata, hanji yana da nasa, kitse ma haka, da fankiriyas mai fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Su waɗannan ba sa ganin rana, suna jin umarnin ƙwaƙwalwa amma suna kuma sauraron lokacin da abinci yake shigowa. A 2000 a Geneva aka ɗauki ɓeraye, waɗanda su da dare suke kiwo, aka riƙa ba su abinci da rana kawai, cikin kaman mako guda agogon hantarsu ya juye ya bi abincin amma na ƙwaƙwalwa ko gezau. A mutane ma an gwada a Jami'ar Surrey ta Ingila a 2017, maza 10, aka jinkirta musu duka abincinsu da awa 5, sai hawa da saukar sugan jininsu ya matsa da fiye da awa 5 alhali melatonin, sinadarin da ke shirya jiki barci, da kotisol mai hawa da safe, waɗanda babban agogo ke riƙe da su, suna nan inda suke. Ka ga an samu gida ɗaya agogo biyu kowanne da nasa lokacin.

Ni yadda nake kwatanta shi, kaman ma'aikata ce an tashi, an kashe fitilu, maigadi ya ja ƙofa, sai ga mota ta tsaya cike da kaya wai a sauke yanzu. Za a sauke, amma da mutum biyu masu gyangyaɗi. Melatonin yana fara hawa awa 2 zuwa 3 kafin lokacin da ka saba kwanciya, kuma ɗaya daga cikin aikinsa shine ya ce wa fankiriyas ta sassauta fitar da insulin. An gwada wannan a Sifen da mutum 845, aka ba su suga iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya saura awa 4 su kwanta, sau ɗaya saura awa 1. A na kusa da barcin melatonin ya ninka sama da sau uku, insulin ya ragu, suga ya fi hawa, kuma abun ya fi tsanani ga masu wani nau'in gado na ƙwayar halittar da ake kira MTNR1B. Abinci ɗaya, mutum ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta.

Yanzu bari mu ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, na fara da nauyi tunda shi ne yake kawo yawancin mutane.

Gaskiya a nan ba wanda ya yi wa wani fintinkau, kuma duk mai ce maka lokaci kaɗai zai narkar maka da teɓa yana ƙara gishiri. Asalin zumuɗin daga ɓeraye ya taso, a 2012 a cibiyar Salk da ke California ɗakin binciken Satchin Panda ya ba ɓeraye abinci mai maiƙo, wasu kowane lokaci wasu cikin awa 8 kawai, kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, kusan ɗaya, na awa takwas ɗin ba su yi ƙibar da sauran suka yi ba. Da aka zo kan mutane sai labarin ya yi sanyi. A 2020 a San Francisco an gwada tsarin 12 na rana zuwa 8 na dare da mutum 116 tsawon mako 12, masu tsarin ba su ma rage cikakken kilo ɗaya ba, kuma bambancinsu da masu cin sau uku bai taka kara ya karya ba, abun da ya fi ɗaga hankali ma shine cikin waɗanda aka auna jikinsu dalla-dalla kaso mai yawa na abun da ya zube tsoka ce. Na safen ma bai tsira ba, a 2022 a Guangzhou ta ƙasar Sin mutum 139 suka yi shekara guda cur, duka an rage musu kalori, rabi kuma aka ƙara musu dokar 8 na safe zuwa 4 na yamma, su suka rage kilo 8, sauran kilo 6.3, tazarar da masu lissafi suka ce ba ta isa a yi rantsuwa a kai ba. A shekarar dai a Aberdeen ta Sikotlan an ba mutum 30 abinci a auna, wata ɗaya mafi yawa da safe, wata ɗaya mafi yawa da dare, nauyin da suka rage ɗaya, kalorin da jiki ya ƙona ɗaya.

Amma in an ce dole sai an nuna gefen da sikelin ya ɗan rinjaya, na wuri ne. A Sifen a 2013 an bi mutum 420 da ke shirin rage ƙiba na mako 20, masu cin babban abincin rana bayan ƙarfe 3 sun fi jinkirin ragewa kuma sun rage ƙasa da masu ci kafin 3, alhali abun da suke ci bai wani bambanta ba. A Isra'ila a shekarar an raba mata 93 gida biyu kowacce kalori 1,400, wasu 700 da safe 200 da dare, wasu akasin haka, bayan mako 12 masu babban karin safe sun rage fiye da ninkin na sauran. Ka lura waɗannan a gida mutane suke, ba a tsare ake auna musu kowace loma ba, toh akwai yiwuwar sirrin ba wani ƙone kitse ba ne na musamman, kawai wanda ya ƙoshi da wuri bai cika ƙari da dare ba. Ko ma dai menene, sakamakon shi ake nema.

Suga kuma wata magana ce daban, a nan na wuri ya yi nasara a fili. Jiki ya fi iya sarrafa suga da safe fiye da yamma, wannan tsohon sani ne, an daɗe da lura gwajin suga iri ɗaya yana fitowa mafi muni da yamma. Gwajin da aka fi ambata shine na 2018 da Courtney Peterson da abokan aikinta suka yi a Louisiana ta Amurka, maza ne da suke bakin kamuwa da ciwon suga, aka sa su ci duk abincinsu cikin awa 6 su gama kafin 3 na yamma tsawon mako 5, kuma da gangan aka ba su isasshen abinci don kada su rame. Ba su rage nauyi ba, amma jikinsu ya fi jin insulin, hawan jininsu ya sauka, sha'awar ci da yamma ta ragu. Mutum 8 ne kacal fa, kar a ɗauke shi kaman wahayi, amma ya tafi daidai da duk abun da aka sani game da melatonin da fankiriyas. Shi kuwa mai tsallake karin safe ya bar lokacin da injin ya fi ƙarfi ya wuce a banza, ya tara kayan zuwa lokacin da ake shirin rufewa. In dalilinka na shiga wannan harkar shine likita ya ce sugarka ta fara leƙowa, ko akwai ciwon a gidanku, ni ban ga dalilin zaɓar 12 zuwa 8 ba.

Sai yunwa, kuma a nan ne na sha mamaki don na ɗauka na dare zai fi sauƙi. Da farko ya fi sauƙi kam, da safe mutum yana sauri, ga aiki, ba ka ma tuna ciki sai wajen 11. Matsalar da yamma take. Ni dai lokacin da nake kan 12 zuwa 8, abincin ƙarfe 12 ba ya isata, na 4 ma haka, 8 ɗin da aka ce a rufe sai ta zama 8 da rabi, sai 9, wata rana na tsinci kaina tsaye gaban firij a buɗe wajen 10 da rabi, haskensa a fuskata, cokali a hannu, ina ce wa kaina ai wannan ba abinci ba ne ɗanɗano ne. Ashe ba raunin zuciyata ba ne kaɗai. A 2022 a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, ɗakin binciken Frank Scheer ya tsare mutum 16 masu ƙiba aka ba su abinci iri ɗaya sak, sau ɗaya da wuri sau ɗaya an jinkirta shi da awa 4. Da aka jinkirta sun fi jin yunwa, leptin wanda shine sinadarin da ke ce wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi ya ragu, kalorin da suke ƙonawa a farke ya ɗan sauka da kaman 60 a yini, naman kitsensu ma ya karkata wajen ajiya. Sittin ba wani abu ba ne a rana ɗaya, yunwar ce babbar matsala. Gwajin Aberdeen ɗin can da bai ga bambancin nauyi ba shi ma wannan ya gani, masu babban karin safe sun fi jin ƙoshi.

Amma kar na yi wa na wurin ado da yawa. Rufe baki da 3 na yamma alhali sai 11 za ka kwanta awa 8 ce a farke ba komai a ciki, kwanakin farko wuya ce tsagwaronta, kuma ni sai da ya taɓa min barci, na farka wajen 3 na dare ciki yana ƙugi idona tar.

Wanda ya kawo mu kan barcin kenan, kuma nan zan ɗan daɗe don shi aka fi yi wa rikon sakainar kashi.

Abu na farko ƙwannafi. Tumbi yana ɗaukar kaman awa 4 kafin ya kusa sallamar abinci mai nauyi, mai maiƙo ya fi daɗewa. In ka kwanta yana cike, ƙofar da ke tsakanin tumbi da maƙogwaro ba ta da taimakon tsayuwarka, ruwan tsamin sai ya yo sama. Shi ya sa likitoci suke cewa a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin ƙarshe da kwanciya, wani bincike a Japan a 2005 ma ya ga masu kwanciya ƙasa da awa 3 bayan cin dare sun fi masu barin awa 4 fama da wannan ciwon nesa ba kusa ba. Wanda ya sani ya sani, ka kwanta lafiya lau, can cikin dare ka ji wani zafi yana hawowa daga ƙirji, ɗaci a bayan harshe, ka tashi zaune ka jingina da bango kana haɗiyar yawu kana jiran ya lafa, da safe murya a shaƙe ka rasa dalili. Wasu ma ba sa jin zafin, tari ne kawai da yawan juyi, su ce barcinsu ne ba nauyi.

Abu na biyu zafin jiki. Don barci ya ɗauke ka sai zafin cikin jiki ya sauka, shi ya sa tafin hannu da ƙafa suke ɗumi dab da barci, zafin ne yake fita ta nan. Narkar da abinci kuma aiki ne mai haifar da zafi da ɗaga bugun zuciya. Eh na sani mutum yana jin kasala bayan ya ci ya ƙoshi har ya fara gyangyaɗi, amma saurin ɗaukewa daban, samun barci mai daɗi har safe daban.

Na uku, wanda masu tsallake karin safe ba sa lissafawa, kafeyin. Da me ake danne yunwar safe? Kofi ko shayi mai ƙarfi, kofi ɗaya ya zama uku, sai kuma wani da yamma saboda kasalar da ta biyo babban abincin rana. Kafeyin yana ɗaukar kaman awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, a wasu ya fi haka. Wani gwaji a 2013 ya nuna miligiram 400 ko da saura awa 6 a kwanta aka sha yana cin fiye da awa ɗaya na barci, wani kuma a Colorado a 2015 ya nuna kafeyin daidai na kofi mai ƙarfi saura awa 3 a kwanta yana tura agogon melatonin baya da kaman minti 40. Kenan ba hana barcin yau kawai yake ba, yana matsar da agogon kansa.

Kuma abun zagaye ne. A Chicago a 2004 an sa samari 12 barcin awa 4 dare biyu, leptin ya sauka da kashi 18 cikin ɗari, girelin mai tada yunwa ya hau da kashi 28, kuma abun da suka fi kwaɗayi shine zaƙi da sitaci. Ka ci da dare ka ɓata barci, ka tashi ba ka jin cin komai don na jiya bai gama sauka ba, ka ce ai ni dama ba na karin safe, da yamma yunwa ta dawo da ƙarfinta, ka sake ci da dare. Mutane da yawa da suke cewa su ba masu cin safe ba ne, ni ina zargin wannan zagayen ne ya mayar da su haka. Ba duka ba, amma da yawa.

A ɓangaren barci kenan kowanne da inda yake ciwo, na dare ƙwannafi da kafeyin, na wuri sosai yunwar tsakar dare. Sai dai na dare in ana nufin 8 ɗin gaske kuma sai 11 ko 12 kake kwanciya, ba laifi, tazarar ta isa. Matsalar ita ce 8 ɗin ba ta cika tsayawa a 8 ba.

Ɗorewa kuwa ba sai an ja ba, na dare ya ci. Abincin dare shine wanda iyali suke haɗuwa a kai kusan ko'ina a duniya, shine na baƙo, shine na fita da abokai. Ka zauna kowa yana ci kai kana riƙe da kofin ruwa, mako biyu za ka yi ka gaji da bayani. Mai motsa jiki da yamma ma ba zai yiwu ya gama ya kwana ba komai ba. Tsarin da ya fi kyau a takarda in wata ɗaya kawai za ka iya shi bai kai wanda za ka yi shekara a kai ba.

Toh ta ukun. Ba awa 8 ba, awa 11 zuwa 12, amma a tura nauyin gaba. Ka karya cikin awa ɗaya ko biyu da tashi da abu mai riƙe ciki, mai furotin, abincin rana ya zama shine babba kuma kar ya wuce 2 ko 3, na dare ya zama ƙarami ka gama shi saura awa 3 ka kwanta, bayan nan an rufe kicin. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne, kowa haka yake ci. Ba haka ba ne wallahi. A 2015 Panda ɗin nan ya sa mutane suna ɗaukar hoton duk abun da suka kai baki da waya, sai ga shi fiye da rabinsu suna ci cikin awa 15 ko fiye a yini, kusan daga tashi har kwanciya, alhali in ka tambaye su sau uku za su ce. Saukowa daga 15 zuwa 12 babban canji ne, kuma awa ukun da aka yanke su ne mafi muni, na dare, waɗanda ba abincin kirki ake ci a cikinsu ba dama. Ni da na koma wannan ƙwannafin ne ya fara tafiya cikin 'yan kwanaki, sai kuma na fara tashi da yunwa ta gaske, abun da na manta yadda yake. Sikeli bai yi wani abun a zo a gani ba, ba zan yi ƙarya ba.

Wani abu da ya kamata a gane, ƙarfe nawa na agogon bango ba shine ma'auni ba, naka agogon ne. Akwai masu sammako akwai masu raba dare, kuma akwai gado a ciki, ba lalaci ba ne kawai, matasa ma agogonsu yana matsawa baya da kansa sai an haura shekara 20 yake fara dawowa. Wani bincike a Boston a 2017 da ɗalibai 110 ya ga abun da ya tafi tare da yawan kitse shine kusancin cin abinci da lokacin da melatonin ɗin mutum yake fara hawa, ba ƙarfe nawa ne a bango ba. Wanda yake kwanciya 9 da rabi, abincin 8 ya makara masa. Wanda sai 1 na dare yake kwanciya ya tashi 9, abincin 8 da wuri ne a wajensa, kuma 12 zuwa 8 ɗin ma ba ta yi masa nisa da tsari mai kyau ba, in ya ɗan jawo ta 11 zuwa 7 ko ya ƙara mata awa ɗaya a farko shikenan. Ka ƙirga daga lokacin kwanciyarka ka dawo baya. Kuma ƙarshen mako yana cikin lissafi, wani mai bincike, Till Roenneberg na Munich, ne ya yi wa abun suna, wai social jetlag, ya kwatanta shi da gajiyar wanda jirgi ya tsallaka da shi ƙasashe masu bambancin lokaci, kwana biyar kana tashi 6 kwana biyu kana tashi 10 da cin abinci a makare, ran Litinin hanta ba ta san a wace ƙasa take ba.

Masu aikin dare nasu daban ne kuma ina tausaya musu, ma'aikatan jinya, masu gadi, direbobin doguwar tafiya, ba zaɓi suka yi ba. A 2009 Scheer ya sa mutum 10 rayuwa kan yini mai awa 28 har barcinsu da cinsu suka juye da awa 12, suga ya hau duk da insulin ma ya hau, leptin ya sauka, uku cikin takwas da aka samu cikakken ma'auninsu sugansu bayan cin abinci ya shiga sahun masu dab da ciwon suga, cikin 'yan kwanaki fa, lafiyayyun mutane. Amma a 2021 ɗakin binciken ya dawo da labari mai ɗan daɗi, mutum 19 aka sa su kwaikwayon aikin dare, wasu suna ci dare da rana, wasu da rana kawai duk da suna farke da dare. Masu cin daren sugansu ya hau da kashi 6.4 cikin ɗari, masu cin rana bai hau ba. Ina da wata 'yar uwa mai aikin dare, da babban kwanonta ƙarfe 2 na dare take buɗe shi a wajen aiki, yanzu tana cin babban kafin ta fita, tsakar dare ruwa da ɗan abu mara nauyi in ta ji jiri, in ta dawo da safe ta ci kaɗan don kar yunwa ta tashe ta. Ta ce daren farko da na biyu ne masu wuya.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su shiga dogon rashin ci ba sai da likita, kowanne daga cikin biyun. Mai allurar insulin ko ƙwayoyin suga irin masu tilasta wa fankiriyas fitar da insulin, don suga na iya faɗuwa warwas kuma faɗuwarsa cikin barci haɗari ne na gaske. Mai ciki da mai shayarwa, yara da matasa masu girma, tsofaffin da dama ba sa ci da yawa, wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci ko ci ba ƙaƙƙautawa, da mai maganin da dole sai da abinci ake sha. Su gyaran da ya dace da su shine jawo abincin dare gaba kaɗan, ba yanke awanni ba.

In kai mai sammako ne, suga ko hawan jini ne damuwarka, kuma gidanku ba za a yi rigima ba, gwada na wuri amma ka sassauta shi ya zama daga 8 na safe zuwa 5 ko 6 na yamma maimakon 3. In mai raba dare ne kai kuma da gaske safe ba ta karɓar abinci a wajenka, yi na rana zuwa dare, da sharaɗin abincin farko shine babba, kofi ya tsaya da azahar, takwas kuma ta zama takwas. In ƙwannafi ko rashin barci ne ya kawo ka, bar maganar awa 16 ɗin gaba ɗaya tukuna, ka fara da tazarar awa 3 ɗin nan mako biyu, ka riƙa rubuta lokacin da ka ci na ƙarshe da sau nawa ka farka da yadda ka tashi. Ni da na rubuta nawa ne na ga duk daren da na farka ƙarfe 3, in ba cin 10 ba to kofin la'asar ne, kuma har yau kofin la'asar ɗin nan ina fama da shi, jiya ma na sha.